A Je Lafiya, A Dawo Lafiya: Hutu Da Shagalin Sallah A Lokacin Zafi

(Wannan shi ne jawabin da wani tsohon ɗalibi, wanda yanzu ma'aikacin lafiya ne, ya gabatar a taron da ƙungiyar ɗalibai ta shirya gab da tafiya hutu. Mun buga shi domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.)



Na gode ƙwarai da wannan gayyata. Na san a irin wannan lokaci hankalin kowa ya riga ya yi gida, wasu ma akwatunansu na ɗaure, saboda haka ba zan tsare ku da dogon turanci ba. Amma kafin in shiga cikin maganar da aka ɗora mini, ina so ku ba ni dama in faɗi dalilin da ya sa na karɓi gayyatar ba tare da wani ja-in-ja ba.

Lokacin da nake ɗalibi kamarku, ina da abokin ɗaki, yaro mai ƙoƙari, wanda shi ne na farko a garinsu da ya shiga jami'a. Muka rabu a tasha ana dariya, ya ce zai zo mini da soyayyen nama. Da aka dawo hutu sai na tarar da gadonsa ba kowa. Bayan mako guda wani ɗan garinsu ya zo kwashe kayansa, shi ne ya ba ni labari. Kwana uku bayan Sallah aka yi bikin aure a maƙwabtansu, aka ci aka sha, da dare amai da gudawa suka kama mutane da yawa, har da shi. Asibiti na da nisa, hanya kuma ruwa ya ɓata ta. Kafin a sami mota da safe, ruwan jikinsa ya ƙare. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan mun yi imani da shi. Abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne, ni na san yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, na haddace shi domin jarrabawa, muna kwana ɗaki ɗaya da shi, amma ban taɓa tunanin in koya masa ba. Ilmin yana cikin littafina, bai je inda ake bukatarsa ba.

To, maganata ta yau ke nan a taƙaice. Ɗalibi ko ƙaramin ma'aikacin da ya tafi gida hutu yana ɗauke da amana biyu: ta jikinsa, da ta mutanen gidan da suka ɗauki nauyin karatunsa. Ɗan abin da kuka sani game da lafiya, ko da kuna ganinsa kaɗan ne, ya isa ya tsare rai idan kun yi aiki da shi.

Sallah tana matsowa cikin bazara

Mu fara da lissafi. Shekarar Musulunci ta gaza ta bature da kwana 10 ko 11, watau kowace shekara Sallah tana ja da baya. A 2024 an yi Babbar Sallah ranar 16 ga Yuni, a 2025 kuwa ranar 6 ga Yuni. In aka bi wannan lissafi, ta 2028 za ta faɗo a farkon Mayu, ta 2030 kuma wajen tsakiyar Afrilu. Kowa a nan ya san abin da watannin Afrilu da Mayu suke nufi a Sakkwato, ko Maiduguri, ko Maraɗi, inda zafi kan haura digiri 40 kwana da kwanaki. Ashe ke nan, shekarun da za ku gama karatu, ku kama aiki, ku yi aure, duk Babbar Sallarku a cikin tsananin zafi za ta riƙa zuwa. 'Yan'uwanmu Kirista ma bikinsu na Ista a cikin Maris ko Afrilu yake faɗowa, saboda haka maganar ta shafi kowa.

Kada wani ya ce ai mu 'yan ƙasar zafi ne, mun saba. A farkon Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, mutane suka yi ta mutuwa a wannan yanki, galibinsu tsofaffi. A aikin Hajjin wannan shekara ta 2024 kuma, mahajjata fiye da 1,300 ne suka rasu, akasarinsu saboda zafi. Waɗannan mutane ba baƙin rana ba ne. Jiki yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, sabo kuwa ba ya kawar da wannan iyaka.

Yadda abin yake shi ne, jikin mutum yana so ya tsaya a kan digiri 37. In zafi ya yi yawa sai ya fitar da gumi, gumin ya bushe a kan fata, jiki ya yi sanyi. Gumi kuwa ruwa ne da gishiri. Idan ana ta fitarwa ba a mayarwa, sai jini ya ragu, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, kai ya yi ciwo, jiri ya kama mutum. In aka ci gaba da zama cikin rana, zafin jiki na iya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ta rikice, mutum ya fara sambatu ko ya yanke jiki ya faɗi.

A nan ne nake roƙonku ku buɗe ido. A filin idi, ko a wurin kallon hawa, in kuka ga mutum ya faɗi yana surutai jikinsa kamar wuta, jama'a za su ce iska ce ta buge shi, wasu su taru a kansa su toshe masa numfashi. Ku yi ta maza ku ce a buɗe. A kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa masa jiki da ruwa ana yi masa fifita, a nemi mota zuwa asibiti nan take. In yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwa ya riƙa kurɓa; in ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa kome, don kada ya shaƙe. Addu'a ba ta hana a yi wannan, a haɗa su gaba ɗaya.

Game da kanku kuwa, kada ku jira sai ƙishirwa ta kama ku kafin ku sha ruwa. Ga ma'auni mai sauƙi wanda ba ya bukatar likita: ku dubi fitsarinku. In fari ne tas ko ruwan ɗorawa mai haske, ruwa ya wadaci jiki. In ya yi duhu kamar shayi, kuma kaɗan ne, jiki yana kuka. Ku kuma guji shan magungunan ciwon jiki barkatai, irin waɗanda ake tallarsu a tasha, domin wasunsu kan cutar da ƙoda, musamman in jiki ba ruwa. Sa'an nan ku lura da tsofaffi da jarirai, zama su ne ba su cika neman ruwa da kansu ba.

Akwai wasu mutane da ake mantawa da su kullum, su ne iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata. Ranar suya, tun hantsi har dare suna gaban kasko, ga zafin rana a sama ga na wuta a ƙasa, ga hayaƙi a ido. Mu maza muna zaure muna jiran a miƙo. Ɗalibin da ya san abin da zafi ke yi wa jiki, kamata ya yi ya sa a kafa murhu a inuwa inda iska ke ratsawa, ya cika musu randa, ya ba da shawara a riƙa karɓa-karɓa, a kuma bar aikin wuta da tsakar rana. Wannan ba zai rage masa girma ba.

Nama

Mu zo ga naman layya. Hausawa sun ce Sallah biki ɗaya rana, amma wahalar da wasu ke ɗorawa cikinsu takan wuce mako. Mutumin da ya yi wata tara yana cin garau-garau a makaranta, rana ɗaya sai ya buɗe ciki: soye da safe, kayan ciki da rana, langaɓu da dare, ba ganye ba ruwa. Kwana biyu sai ka gan shi yana riƙe da ciki, ko bayan gida ya ƙi fita, basir ya motsa. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Maganin abin kuwa yana nan a bayan gidanmu da kasuwarmu: kwaɗon zogale, rama, yakuwa, alayyafo, kankana, mangwaro, lemo. A ci nama daidai, a haɗa da ganye, a bi da ruwa. Malamai sun kwaɗaitar da a ci, a yi sadaka, a yi kyauta. Wanda ya bi wannan ya sami lada, ya kuma sauƙaƙa wa cikinsa.

Babban hatsari ma ba yawan ci ba ne, ajiya ce. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri a cikin ɗumi, har wasunsu kan ninka yawansu a cikin minti 20. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada a bar dafaffen abinci a sarari fiye da awa 2. Ku auna wannan da farfesun da aka dafa da safe, aka rufe a ɗaki, aka ci da dare ba a tafasa ba. Ku auna shi kuma da firjin da aka cika maƙil da ɗanyen nama, alhali kuwa wutar lantarki ta ɗauke tun jiya. Irin wannan firji akwati ne kawai mai ɗumi.

A nan kakanninmu sun fi mu hikima. Naman da aka soya ƙayau har ruwansa ya ƙone, ko aka yi kilishi, ko dambu, yakan daɗe bai lalace ba, domin ƙwayar cuta ba ta yaɗuwa inda babu danshi. Saboda haka kada boko ya sa ku raina dabarar tsofaffi. Abin da za ku ƙara musu kaɗan ne: kayan ciki a fara gamawa da su a ranar farko, wuƙa da faranti da aka taɓa ɗanyen nama da su kada su taɓa dafaffe sai an wanke da sabulu, a rufe nama daga ƙuda, abin da ya kwana a tafasa shi sosai kafin a ci, hantar da aka gani da tsutsa ko ƙuraje a binne ta. Jini da tumbi kuma a haƙa rami a rufe, kada a zuba a kwata a ƙofar gida.

Ga 'yan'uwa ma'aikata ina da ƙarin magana. Mun ɗauki tumbi alamar samu, har in mutum ya kama aiki ya fara ƙiba sai a ce hutu ya karɓe shi. Hawan jini da ciwon sukari ba sa sallama kafin su shigo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, watau kimanin ƙaramin cokali ɗaya, wannan kuwa har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano da yaji. Duk wanda ya haura shekara 30 ya je a auna jininsa a cikin hutun nan, ya kuma ja mahaifinsa da mahaifiyarsa su tafi tare. In awo ya riƙa nuna 140 bisa 90 ko fiye, lalle a ga likita. Mai shan maganin hawan jini ko na sukari kuma kada ya ajiye shi don ana biki.

Ruwan sha

Na dawo kan abin da ya ɗauke abokina. Kwalara da sauran cututtukan gudawa ta baki suke shiga, daga ruwa ko abincin da ƙazantar bayan gida ta taɓa. Lokacin da ya fi hatsari shi ne ƙarshen bazara da farkon damina: rijiyoyi sun ja baya ana shan kowane irin ruwa, sa'an nan ruwan farko ya zo ya kwashe ƙazantar gari ya zuba a ciki. A wurin biki kuwa, zoɓo da kunun aya da ƙanƙara duk da ruwa ake yinsu, ba wanda ke tambayar daga ina aka ɗebo. Moɗa ɗaya mutum hamsin, kwanon wanke hannu ɗaya mutum goma. Ku sa a tafasa ruwan sha ko a sa masa maganin tsarkake ruwa, a ware moɗar ɗiba daban da ta sha, a kuma riƙa zuba wa mutum ruwa da buta yana wanke hannu da sabulu, maimakon kowa ya tsoma a kwano ɗaya.

Yanzu ina so kowa ya ɗauki alƙalami. Ruwa mai tsabta lita 1; sukari ƙaramin cokali 6, a shafe bakinsa; gishiri rabin ƙaramin cokali. A motsa, a riƙa ba mai gudawa yana kurɓa kaɗan-kaɗan ba tsayawa, ko da yana amai, ana kuwa kan hanyar asibiti. Kada a ƙara gishiri don neman ƙarfi, yawansa illa ne. Wanda aka haɗa ya yi kwana ɗaya a zubar a sake sabo. In an sami na ƙunshi da ake sayarwa a kantin magani ya fi, saboda haka kowa ya sayi ƙunshi biyar ya sa a akwatinsa.

Kada ku raina wannan haɗi. A 1971, lokacin yaƙin Bangladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya, ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya ƙare. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa haɗa ruwan gishiri da sukari a manyan durom, dangin marasa lafiya suna ba su da kofi. Mace-mace suka sauko daga wajen kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. Waɗanda suka yi wannan aiki ba likitoci ba ne, mutane ne kamar ni da ku waɗanda aka koya wa awo.

Sauro, kududdufi da hanya

In hutunku ya shiga damina, sauro na jiranku. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. Cutar takan ɗauki kwana 10 zuwa 15 bayan cizo kafin ta bayyana, wannan ne ya sa asibitin makaranta kan cika a makonnin farko na komowa. Zazzaɓin da ya kayar da kai ranar da aka fara lacca, a hirar dare ta ƙofar gida ka samo shi. Ku tafi da gidan sauronku, ko a tsakar gida za ku kwana saboda zafi ku ɗaura shi. In zazzaɓi ya zo a yi gwajin jini kafin a sha magani, in an fara kuma a shanye. Zazzaɓin da ya zo da matsanancin ciwon kai da sanƙarewar wuya kuwa, musamman a bazara, a ɗauke shi sanƙarau ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Manyanmu ba su manta da 1996 ba, shekarar da wannan cuta ta kashe mutum fiye da 11,000 a ƙasar nan.

Ƙannenku kuma ku hana su wanka a kududdufi. Ban da hatsarin nutsewa, a can ake samun tsargiya, daga wata tsutsa da ke fitowa daga jikin katantanwa ta huda fata. Yaro mai fitsarin jini ba girma ne ya zo masa ba, ciwo ne, kuma yana da magani.

Sai hanya. Kowace Sallah muna jin labarin samarin da suka hau babur su uku su huɗu, ba hular kwano, suna tsere a kan titi don a gani a yaba. Wasunsu ma sai sun sha abin da ya gusar musu da hankali. Gwamnatin Tarayya ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin tun 2018, amma doka ba ta shiga zaure, sai wa ya yi wa ƙaninsa magana. Ku da za ku shiga motar haya, in direba yana gudun wuce sa'a ko yana gyangyaɗi, ku buɗe baki, kunya ba ta da amfani a nan. Sannu ba ta hana zuwa.

Hutu ba kwanciya ba ne

Abu na ƙarshe shi ne motsa jiki. A makaranta, ko ba ka so, kana tafiya daga ɗakin kwana zuwa aji, zuwa laburare, zuwa masallaci ko coci. Da an je gida sai a miƙe a kan tabarma da waya a hannu, a raba dare ana kallo, a tashi da hantsi. Bayan wata guda wando ya matse, jiki ya mutu, karatu ya ƙi shiga. Abin da masana suka ƙayyade wa babba shi ne aƙalla minti 150 a mako, watau rabin awa sau biyar, na motsin da zai sa numfashi ya ɗan ɗaga. Wannan bai bukaci kayan wasa masu tsada ba. Ziyarar Sallah in ba nisa a yi ta a ƙasa. A kama wa tsoho sharar gona ko noma. A buga ƙwallo, a yi langa da yara, a hau keke. 'Yan mata su ma suna da tsallen igiya da tafiyar zumunci, daka da ɗiban ruwa kuwa duk motsa jiki ne. Sharaɗin kawai shi ne lokaci: da sassafe bayan asuba, ko da yamma in rana ta yi sanyi. Daga ƙarfe 11 na safe zuwa 4 na yamma a nemi inuwa, a sa tufafi masu haske marasa nauyi.

Jama'a, na san abin da wasunku ke tunani. Suna cewa, in na je gida na fara cewa a tafasa ruwa, a rufe nama, za a ce ɗan boko ya zo da iyayi. Gaskiya ne, za a iya faɗa, in ka shiga da tsawa kana ganin kowa jahili ne. Amma in ka durƙusa ka gaida mahaifiyarka, ka ɗauki bokiti ka wanke randa da hannunka, ka ɗaura wa kakarka gidan sauro, ka zauna da matan gida ka nuna musu awon cokali shida da rabin cokali, ba wanda zai kira wannan iyayi. Su ne suka sayar da hatsi da awaki kuka zo nan. Kafin ku kai musu albashi, ku fara kai musu wannan.

Ina roƙon shugabannin ƙungiya da su buga awon nan a ƙaramar takarda, a raba wa kowane ɗalibi kafin ya shiga mota. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Allah ya kai ku gida lafiya, ya sa ku tarar da iyaye lafiya, ya maimaita mana, ya kuma sa ranar da aka dawo kada a tarar da gadon kowa babu mai shi.